Yadda ake tsallakar da citta da danginta lokacin hunturu a ƙasashen sanyi

Citta 'yar ƙasar zafi ce. Asalinta daga yankunan Asiya masu ɗumi da laima ne, inda ƙasa ba ta daskarewa. Ba ita kaɗai ba ce a gidansu: kurkur ɗan'uwanta ne, haka ma wasu tsirrai masu kyawun fure da ake shukawa don ƙawata lambu, irin su Hedychium da Alpinia da Kaempferia da Globba. Masana tsirrai sun haɗa su a dangi guda mai suna Zingiberaceae, wanda ya ƙunshi nau'i fiye da dubu. Mai lambu a Kanada ko Jamus ko Ingila yana iya shuka da yawa daga cikinsu a watannin zafi, su yi ganye su yi fure har maƙwabta su riƙa leƙowa. Wahalar tana farawa ne daga Oktoba, sa'ad da dare ya soma tsawo, sanyi kuma ya soma sauka.

Ran shukar nan ba a ganye yake ba. Yana cikin saiwar nan mai kauri da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, mai gaɓoɓi da idanu, wadda ke tara abinci duk tsawon lokacin girma. Ganye zai iya ƙonewa ƙurmus, kara ya faɗi, amma muddin saiwa na da tauri da lafiya, shuka za ta dawo. Abin da ke kashe saiwa kuwa, a mafi yawan lokuta, ba sanyi ne shi kaɗai ba. Sanyi ne da ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ganina, citta da ake asara a hunturu ta fi mutuwa a hannun masu tausayin ba ta ruwa fiye da a hannun masu mantawa da ita.

Ka fara sanin wacce kake da ita

Wannan shi ne matakin da ba a tsallake shi, domin abin da zai ceci wata shi ne zai kashe wata.

Akwai masu barci. Citta ta girki, wato Zingiber officinale, da kurkur da sauran nau'in Curcuma, da Kaempferia da Globba, duk sun saba da wuraren da damina ke wucewa rani ya biyo baya. Idan ruwa ya ɗauke sai ganyensu ya yi rawaya ya bushe, saiwa ta kwanta ta jira. Waɗannan su ne mafi sauƙi, domin hunturu zai tsaya musu a matsayin rani, in dai ka ba su bushewa da ɗan ɗumi.

Akwai marasa barci. Alpinia zerumbet da Alpinia purpurata da Etlingera elatior suna riƙe ganyensu shekara zagaye. Idan ka yanke su ka busar da saiwarsu kamar ta kurkur, ka cuce su. Alpinia zerumbet ma tana yin fure ne a kan karan da ya shekara, saboda haka wanda ke sare ta kowace kaka zai yi ta samun ganye, amma fure sai dai ya gani a hoto.

Sai kuma 'yan tudu, waɗanda suka fito daga wurare masu sanyi-sanyi. Roscoea da Cautleya daga tsaunukan Himalaya da kewayensu suke, Zingiber mioga kuma an daɗe ana nomanta a Japan. Waɗannan suna iya kwana a ƙasa a wuraren da sanyi bai yi tsanani ƙwarai ba. Hedychium tana tsaka-tsaki: a ƙasar zafi nau'inta da dama ba sa zubar da ganye, a ƙasar sanyi kuma karanta ya mutu saiwa ta rayu, kuma nau'inta sun bambanta wajen juriya. Hedychium densiflorum, misali, ta fi yawancin 'yan'uwanta ɗaukar sanyi.

In ba ka san sunan taka ba, ka zuba mata ido a kaka. Wadda ta soma rawaya da kanta tun sanyi bai kankama ba, alhali ba ta rasa ruwa ba, mai barci ce. Wadda ta tsaya kore shar har sai da sanyi ya ƙona ta, ka ɗauke ta a matsayin marar barci ko Hedychium.

Ka san sanyin wurinka

Abu biyu kake buƙata: ranar da raɓa ta saba fara daskarewa a yankinka, da iyakar sanyin da ake kaiwa a tsakiyar hunturu. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da taswirar da ta raba ƙasa shiyya-shiyya bisa matsakaicin sanyi mafi tsanani na shekara, an kuma sabunta ta a 2023, kuma masu sayar da tsirrai a ƙasashe da dama suna rubuta lambar shiyya a jikin takardar shuka. A shiyya ta 9 sanyi yakan kai tsakanin digiri 1 da 7 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, a ta 8 tsakanin 7 da 12 ƙasa da sifiri, a ta 7 kuma tsakanin 12 da 18. Citta ta girki ba ta da tabbas a waje in an sauka ƙasa da shiyya ta 9. Yawancin Hedychium suna iya zama a ta 8, wasu har ta 7 in an lulluɓe su da kyau.

Sai dai taswira ba ta san lambunka ba. Gindin bangon da rana ke duka ya fi tsakiyar fili ɗumi, kwari kuma ya fi tudu tara sanyi. Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙarancin da aka kai cikin dare. Zai yi maka aiki a waje lokacin kaka, ya kuma yi maka aiki a wurin ajiya duk hunturu. Watannin da zan ambata na arewacin duniya ne. Wanda ke kudu, kamar Nuzilan ko kudancin Ajantina, sai ya ƙara wata shida.

Shiri tun kafin sanyi

Daga ƙarshen Agusta ka daina sa taki. Taki a wannan lokaci sabon toho mai laushi yake jawowa, wanda ba zai ƙosa ba kafin sanyi. A Satumba ka soma rage ruwa ga masu barci, sannu a hankali, kana barin saman ƙasa ya bushe kafin ka sake zubawa. Idan tukwanen suna inda ruwan sama ke dukansu, ka janye su ƙarƙashin rumfa.

Kada ka yi gaggawar yanke ganyen da ya fara rawaya. A waɗannan makonni shuka tana janye abincin da ke cikin ganye tana mayar da shi saiwa. Ka bari sai karan ya bushe har in ka ɗan ja shi ya cire da kansa. Citta da kurkur da Kaempferia su shiga ciki da zarar dare ya fara sauka ƙasa da digiri 10, ko da ganyensu bai gama bushewa ba. Za su ƙarasa bushewa a ciki. Alpinia purpurata da Etlingera su riga kowa shiga, tun dare na wajen digiri 15. Hedychium ita ce ake iya bari har sanyin farko ya ɗan taɓa ganyenta, musamman da yake takan makara wajen fure, wani lokaci sai Satumba ko Oktoba.

Hanya ta farko: a bar ta cikin tukunyarta

Ga wanda ya shuka masu barci a tukunya, wannan ce hanyar da na fi so, domin ba a taɓa saiwa balle a ji mata rauni. Ka cire busasshen kara da ganyen da ya zuba a saman ƙasa. Ka duba ƙasan tukunya ka kawar da dodon koɗi da sauran ƙwarin da suka laɓe. Ka cire farantin da ke tare ruwa. Daga nan sai ka kai ta wuri busasshe mai ɗumin digiri 12 zuwa 15. Haske ba dole ba ne tunda babu ganye. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko ƙarƙashin matakala, ko kabad a ɗakin da ba a dumama shi sosai, duk suna yi.

Kada tukunya ta zauna kai tsaye a kan siminti, domin siminti yana jan sanyi. Ka sa katako ko kwali mai kauri a ƙarƙashinta. Gareji kuma ka yi hattara da shi: da rana yana iya zama daidai, cikin dare ya faɗi kusa da sifiri. Ka bar ma'aunin zafi ya kwana a wurin na 'yan kwanaki kafin ka amince.

Batun ruwa: kurkur da sauran Curcuma da Kaempferia suna iya yin hunturu kusan ba tare da ruwa ba. Citta takan so ɗan ɗigo sau ɗaya a wata, a gefen tukunya, ba a kan saiwa ba, kuma kada ya kai ga fitowa ta ƙasa. Hedychium ta bambanta: ita wurin da ya fi sanyi take so, digiri 5 zuwa 10, kuma ba ta son ƙasarta ta bushe ƙayau. Ka tsoma yatsa. In ka ji ɗan sanyin laima a ƙasa, ka ƙyale ta.

Hanya ta biyu: a tono a adana

Wanda ya shuka masu barci ko Hedychium marar juriya a ƙasa a yankin da ƙasa ke daskarewa, ba shi da zaɓi sai tono. Ka zaɓi ranar da ƙasa ba ta jiƙe ba. Ka sare kara ka bar kamar santimita 5 zuwa 10 don ka sami abin riƙewa. Ka fara tono daga nesa, kamar santimita 25 zuwa 30 daga gindin, ka zagaye, sannan ka cusa shebur ta ƙasa ka ɗaga dunƙulen gaba ɗaya. Saiwar citta a kwance take bazuwa, kuma takan yi nisa fiye da yadda kake zato.

A nan akwai abin da ya kamata a dube shi da kyau. Idan ka ɗago nau'in Curcuma, kamar Curcuma alismatifolia ta Tailan, za ka ga wasu jijiyoyi sun sauko daga jikin saiwar, kowace da ɗan ƙullutu a ƙarshenta kamar ƙwan tantabara. Mutum zai iya ɗauka ciwo ne ko tarkace ya tsinke su. Kada ka taɓa su. Nan ne shukar ta ajiye ruwa da abincin da za ta farka da su, kuma saiwar da ta rasa su takan tashi a raunane ko ta yi jinkirin fure. Globba da Kaempferia ma suna da jijiyoyi masu kauri da ke wannan aikin.

Ka kakkaɓe ƙasa da hannu. Ban ba da shawarar wankewa ba sai in ƙasar laka ce mai manne ko ka ga ƙwari. In ka wanke, to ka tabbatar ta bushe sarai. Ka duba kowace saiwa ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayya tana da tauri da nauyi, da ƙamshinta mai daɗi. Wurin da ya yi laushi, ko ya yi ruwa-ruwa, ko yake wari, ka yanke shi da wuƙa mai kaifi har ka isa nama mai tsabta, kana goge wuƙar da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin yanka da yanka. Wasu sukan barbaɗa garin farar wuta a kan yankan don hana fumfuna. Kada ka rarraba dunƙulen gida-gida yanzu. Kowane yanka ƙofa ce ga ruɓa, a bar rabo sai lokacin shuka.

Ka shanya su a inuwa, a wuri mai ɗumi da iska ke ratsawa, kwana biyu zuwa biyar, har fatar ta bushe raunuka su rufe. Sannan ka sami kwali ko akwatin katako mai huji, ka zuba garin katako ko yashi ko ɓawon kwakwa da aka niƙa, ka jera saiwoyin ba tare da sun taɓa juna ba, ka rufe su da wani. Abin da ka zuba ya kasance in ka damƙa a hannu ba za ka ji jiƙa ba, sai ɗan sanyi kawai. Ga Hedychium ka ɗan ƙara laima, ko ma ka dasa dunƙulen a babbar tukunya da ƙasa, ya fi mata. Leda rufaffiya kuwa ka nisance ta, domin saiwa tana numfashi, gumi zai taru ya ruɓar da ita.

Ka rubuta sunan kowace da launin furenta ka ɗaura. A Maris duk kamarsu ɗaya.

Firiji ba wurin ajiyar iri ba ne. Sanyinsa yana wajen digiri 4, citta kuma tana fara lahanta in ta daɗe ƙasa da digiri 12: nama ya yi laushi, launi ya canza, idanu su mutu. Shi ya sa masu adana citta da yawa suke riƙe ta a wajen digiri 13.

Hanya ta uku: a ci gaba da rainonta a ɗaki

Marasa barci wannan ce kaɗai hanyarsu, kuma ita ce mafi cin rai. Kafin ka shigo da tukunya, ka wanke ganyen sama da ƙasa da ruwa, ka yanke karan da suka tsufa ko suka riga suka yi fure, ka bar matasa. Ka ajiye ta kusa da tagar da ta fi samun rana, amma kada ganye ya taɓa gilashi, kuma nesa da hita da ƙofar waje. Alpinia zerumbet takan haƙura da digiri 12 zuwa 15. Alpinia purpurata da Etlingera suna son 18 ko sama. A wuraren da ranar hunturu gajeriya ce ƙwarai, fitilar tsirrai ta awa 12 a rana tana taimakawa.

Iskar ɗakin da ake dumamawa busasshiya ce, shi ya sa za ka ga bakin ganye yana ƙonewa yana komawa ruwan ƙasa. Wannan ba alamar ƙishi ba ce, kuma a nan ne mutane ke kuskuren ƙara ruwa. Maganinsa laima a iska: na'urar sa laima, ko tara tukwane wuri ɗaya. Ruwa sai saman ƙasa ya bushe kamar zurfin gaɓar yatsa biyu, kuma kada ya zama mai sanyi. Taki a dakatar har Maris.

Busasshiyar iska kuma ita ce ke kawo wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo masu tsotse ganye. Da wuya ka gan su da ido. Abin da za ka gani shi ne ɗige-ɗige farare a saman ganye, da siririyar saƙa a ƙarƙashinsa. Ka riƙe farar takarda a ƙasan ganyen ka ɗan buga shi. In ka ga ƙura tana tafiya a kan takardar, su ne. Ka kai tukunya banɗaki ka wanke ƙarƙashin ganyen da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ka fesa sabulun kashe ƙwari, ka maimaita kowane mako har sau uku ko huɗu, domin ƙwayayensu ba sa mutuwa a feshin farko. In kuma ƙananan baƙaƙen ƙudaje ne ke tashi daga ƙasar tukunya, suna gaya maka ruwa ya yi yawa.

Kada ka sa ran za ta yi kyau. In ta kai Afrilu da rabin ganyenta, ka yi nasara.

Hanya ta huɗu: a bar ta a ƙasa

Wannan na 'yan tudu ne da Hedychium masu juriya, a shiyya ta 7 da ta 8. Sharaɗinsa ɗaya ne: ƙasa mai tsane ruwa. Inda ruwa ke kwanciya bayan an yi sama, ko da sanyin ba mai tsanani ba ne, gara ka tono. Bayan sanyin farko ya kwantar da kara, ka sare shi, ka tula busasshen ganye ko ciyawa ko ɓawon itace mai kaurin santimita 15 zuwa 20, ka faɗaɗa shi ya wuce gindin ta kowane gefe. A wuraren da hunturu ke zuwa da ruwan sama mai yawa, kamar Ingila, ka ɗora wani abu a sama da zai kare ruwa amma ya bar iska ta shiga ta gefe. Saiwar Hedychium tana hawowa saman ƙasa da shekaru, don haka ka fara rufe wadda ta bayyana da ƙasa kafin ka tula ganyen.

Shukar da ba ta shekara a wurin ba, ban yarda a gwada ta da wannan ba. Ko ga tsohuwa ma, ka ɓalli yanki guda ka ajiye a ciki, saboda hunturun da zai zo da abin da ba a saba ba.

Dubawa a tsakiyar hunturu

Sau ɗaya a wata ka buɗe kwalin ka taɓa kowace saiwa. Wadda ta fara yamushewa, ka ɗan yayyafa ruwa a kan garin katakon, ba a jikinta ba. Wadda ta yi farar fumfuna a fata amma tana da tauri, ka goge, ka shanya kwana ɗaya, ka sake mata busasshen gari. Wadda ta yi laushi gaba ɗaya, ka jefar da ita tare da abin da ke kewaye da ita. In ka tarar da toho fari dogo a Janairu, wurin ya yi ɗumi da yawa. Ka matsar da su inda ya ɗan fi sanyi, kada ka karya tohon.

Tashinta

Mako shida zuwa takwas kafin ranar da sanyi ya saba ƙarewa a yankinka, yawanci Maris ko farkon Afrilu, ka fito da su. Yanzu ne lokacin rabo. Ka yanka citta gunduwa-gunduwa, kowace kamar santimita 4 zuwa 5 da ido ɗaya ko biyu masu kumburi, ka bar yankan ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Tukunya mai faɗi ta fi mai zurfi. Ka cika ta da ƙasa mai sauƙi da ta sha ruɓaɓɓen taki, ka kwantar da gunduwar ido yana kallon sama, ka rufe da ƙasa kamar santimita 3 zuwa 5. Waɗanda suka yi hunturu a tukunyarsu, ka juye su ka sake musu ƙasa in sun cika ta.

Ɗumi ne ke tashinsu, ba ruwa ba. Ƙasar tukunya tana buƙatar digiri 21 zuwa 27, kuma tabarmar lantarki ta dumama iri tana rage jira sosai. Ka jiƙa ƙasa sau ɗaya, sannan ka ja hannu har sai ka ga tsini kore ya huda. Saiwar da ba ta da ganye ba ta da inda za ta kai ruwa. Da ganye ya buɗe sai ka ƙara ruwa, ka soma taki mai sauƙi. Citta tana buƙatar wata takwas zuwa goma kafin ta ƙosa, shi ya sa wannan farawa da wuri a ɗaki take da muhimmanci a inda lokacin zafi gajere ne.

Kada su fita waje sai dare ya daina sauka ƙasa da digiri 12 ko 13. Ka saba musu a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma: awa biyu a inuwa ranar farko, kana ƙarawa, kafin su kwana a waje. Na ƙasa kuma ka janye musu lulluɓin kaɗan-kaɗan don rana ta dumama ƙasa, ka bar shi kusa ko sanyi zai juyo.

Kowace da lokacin tashinta. Citta takan nuna kai cikin mako biyu zuwa shida in ta sami ɗumi, amma Curcuma da Kaempferia da Roscoea suna iya yin shiru har ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kuma tukwane da yawa masu rai a wannan jiran ake zubar da su. In haƙurinka ya ƙare, ka tona gefe da yatsa a hankali ka latsa saiwar. In ka ji ta da tauri, ka mayar da ƙasa, ka matsar da tukunyar wuri mafi ɗumi, kuma kada ka ƙara mata ruwa.